Allo da Gawo: Inda Masu Zanen Sudan Suka Samo Abin Zanawa

Wanda ya tashi daga Sinnar ya nufi kudu zuwa Sinja, yana bin gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, ba zai yi nisa ba sai ya iske wani gari mai suna Mai Wurno. Sunan kaɗai ya isa ya sa Basakkwace ya waiwaya, domin Wurno gari ne a ƙasar Sakkwato, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi, a can kuma kabarinsa yake. A wannan yanki na Sudan, tun daga gonakin auduga na Jazira har zuwa Sinja da gaba da ita, akwai ƙauyuka da unguwannin da ake ciniki da Hausa a kasuwa, ana kuma yi wa yaro faɗa da Hausa a gida. Akwai makarantun allo, akwai masu saƙar tabarma da faifai, kuma a gonakin bakin kogi akwai itatuwan gawo. Waɗannan abubuwa, waɗanda mutumin ƙauye ba ya ɗaukar su komai saboda sabo, su ne suka fitar da manyan masu zanen Sudan daga wani ƙunci da suka shiga a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da suka dawo daga karatu a Ingila da gwaninta a hannu, suka rasa mai kallon aikinsu a gida.

Tambayar inda mai zane yake samo abin da yake zanawa tsohuwa ce. Bahaushe ya aro kalmar ilhama daga Larabci don ya ambaci abin da ake jefa wa mutum a zuciya ba tare da ya nema ba, kuma an sha cewa wani makaɗi yana da aljanin da ke ba shi waƙa. Irin wannan amsa tana da daɗin ji, sai dai tana rufe bakin mai tambaya. Tarihin masu zanen Khartum ya fi amfani ga ɗalibi, saboda an san shekarar da suka ruɗe, an san wuraren da suka duba, kuma zanen da ya fito daga wannan dubawa yana nan a rataye ana ganinsa.

Kafin a kai gare su, ya kamata a san yadda aka yi Hausa ta zauna a bakin Nilu. Hanyar hajji ta ƙasa ta daɗe tana ratsa Borno da Wadai da Darfur da Kordofan, ta tsallake Nilu, ta faɗa tashar Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru. Mutum ya tsaya ya yi noma, ko ɗinki, ko wanzanci, ko koyarwa, har guzuri ya samu ya ƙara gaba. Wani kuwa guzurin bai taɓa cika ba, sai zango ya zama gida. Babbar ƙaura ta zo ne bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka tare shi a Burmi, ya yi shahada a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'ar, Fulani da Hausawa, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu wajen 1906, garin da suka kafa ya ci sunansa. Da aka gama gina madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, sai buƙatar hannu ta jawo wasu dubbai daga yamma. Mutanen Sudan suna kiran su duka Fallata, ko Takarir, ba tare da sun bambance Bahaushe da Bafulatani da Babarbare ba.

Allo da abin da ke kansa

A cikin kayan kowane ayari akwai allo. Amma kada ɗalibi ya zaci baƙin ne suka kai shi can. Sudan tana da nata makarantun tun zamanin daular Funj, wadda ta yi mulki daga Sinnar tsakanin 1504 da 1821, kuma abin sha'awa shi ne yadda baƙo da ɗan gari suka iske kayan aikinsu kusan iri ɗaya, sunaye kawai suka bambanta. Abin da Bahaushe ke kira tsangaya ko makarantar allo, su khalwa suke cewa. Malam shi ne faki, allo shi ne lauh. Wutar da ake hurawa da dare almajirai su kewaye ta suna karatu, tugaba ce a wurinsu. Rubutun da ake wankewa a sha don neman waraka, mihaya. Tawadar ma haɗinta guda ne: kunkunniya ko garin gawayi a dama da ƙaro, sai alƙalamin kara da aka feƙe da aska. Inda aka fi bambanta shi ne a hannun rubutu da ƙira'a. Mutanen yamma sun zo da ruwayar Warshu da rubutunsu mai kauri, wanda yake sa wa fa'un ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafun kuma ɗigo ɗaya a sama, alhali a khalwowin tsakiyar Sudan ruwayar Duri ce ta fi yawa.

Shi kansa allo, idan aka jingina shi da bango aka ja da baya, yana da sura. Akwai kai, akwai wuya, akwai kafaɗu biyu da faffaɗan ƙirji, na ƙasar Hausa ma har da ƙafafu biyu a ƙasa inda aka rarake shi don ya zauna daidai a jikin mai karatu. Kuma ba kullum yake baƙi da fari ba. A ƙasar Hausa, ran da almajiri zai yi sauka, akan kai allo wurin gwani ya yi masa zayyana: a kewaye rubutun da gidaje-gidaje masu kusurwa huɗu da uku, da zobba, da igiyoyi masu sarƙewa, a cike su da ja da rawaya da kore. A Sudan wannan ado sunansa sharafa, kuma ba sai an sauke ake yin sa ba. Duk lokacin da yaro ya kai wata babbar gaɓa a karatu, sai a ƙawata allonsa, sau da yawa da siffar ƙubba da hasumiya a sama, ya ɗauka ya kai gida a gani, a yi masa kyauta. Ke nan yaron khalwa, tun bai taɓa jin sunan gidan nune-nunen zane ba, ya riga ya koyi raba fili gida-gida, ya san yadda launi ke zama kusa da launi, ya kuma ga yadda iyaye ke murna da abin da hannu ya ƙawata. Malamai da yawa suna ƙyamar zana surar abu mai rai, saboda haka basirar masu hannu ta kwarara ne zuwa harafi da layi da ƙulli, kamar yadda ta kwarara a ƙasar Hausa zuwa dagi a jikin soro da aska takwas a gaban riga.

Makarantar zane irin ta Turawa kuwa a tsakiyar shekarun 1940 aka buɗe ta, a cikin Kwalejin Gordon da ke Khartum, ƙarƙashin wani malami mai suna Jean-Pierre Greenlaw, wanda aka fi tunawa da shi saboda zane-zanen da ya yi na tsofaffin gidajen Sawakin, tashar alhazan nan. Cikin ɗaliban farko akwai Usman Waƙi'allah, haifaffen Rufa'a a bakin Shuɗin Nilu a 1925. Ya yi karatu a makarantar Camberwell ta Landan, ya wuce Alƙahira ya karɓi ijaza a fannin kyawun rubutu, sannan ya dawo ya koyar. Shi ne ya fara nuna wa na bayansa cewa harafi yana iya fita daga sahun layi ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar takarda, a miƙa shi, a lanƙwasa shi, a cika cikinsa da ƙananan rubutu. Wani aikinsa da ke Gidan Tarihi na Birtaniya an gina shi ne kacokan a kan haruffa biyar ɗin da suka buɗe Suratu Maryam. Daga baya ya zauna a Landan yana rubuta haruffan Larabci na takardun kuɗi wa kamfanin De La Rue, ya rasu a 2007. Waƙi'allah bai taɓa barin harafi ya daina karantuwa ba. Ɗalibansa ne suka ƙetare wannan iyaka.

Nunin da ba a koma ba

Ibrahim al-Salahi, wanda aka haifa a Umdurman a 1930, ɗan malami ne. Mahaifinsa yana da khalwa, a nan kuma ya fara riƙe alƙalami. Bayan Kwalejin Gordon ya sami tallafin karatu zuwa makarantar Slade a Landan, inda ya zauna daga 1954 zuwa 1957. Ya ƙware a abin da ake koyarwa a can: zanen fuskar mutum, da tsiraicin jiki, da filin karkara, da kwanon 'ya'yan itace a kan tebur. Ya dawo Sudan shekara guda bayan samun 'yancin kai, yana cike da zumuɗi, ya shirya nunin ayyukansa a babban otal na Khartum. Yadda shi da kansa ya sha ba da labari, mutane sun zo ranar buɗewa, sun sha lemo, sun yi gaisuwa cikin ladabi, ba su sake dawowa ba. Ba wanda ya zage shi. Shirun ne ya fi ciwo, har ya yi kusan shekara biyu hannunsa a ɗaure.

Wani a matsayinsa da sai ya ce jama'a ne ba su waye ba, ya tattara ya koma inda ake yaba masa, kuma masu zane da yawa a ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka haka suka yi. Salahi ya juya tambayar ta koma kansa. Ya shiga gidajen mutane da kasuwanni, ya yi yawo cikin ƙasar, yana duban abin da jama'a ke ratayawa a ɗakunansu da kuɗinsu ba tare da wani ya ce su yi ba. Abin da ya gani shi ne ayoyi da aka rubuta da kyakkyawan hannu aka sa a gilashi, da tabarmin salla, da fayafayan rufe abinci masu launi, da ƙoren da aka yi wa zane da wuta, da aikin dukawa. Mutanen da ya zaci ba su da idon kallon zane ashe suna da shi, sai dai an horar da idon a kan wani abu dabam. Sai ya fara gwaji: ya riƙa sa ɗan guntun rubutun Larabci a kusurwar zanensa, ƙarami kamar kan sarki a jikin wasiƙa. Nan da nan ya lura masu kallo sun fara matsowa kusa, suna neman su karanta.

Daga nan rubutun ya bar kusurwa ya mamaye fili. Sannan ya yi abin da malaminsa bai yi ba: ya karya harafin, ya raba shi da ma'anarsa, ya bar ƙashinsa kawai, wato miƙewar alif da cikin nun da wutsiyar mim. Ya ce da ya yi haka sai ya ga wasu halittu suna fitowa daga tsakanin gutsattsarin, fuskoki dogaye masu kwarmin ido, da tsuntsaye, da dabbobi, da jinjirin wata. Launukansa ma ya rage su zuwa na ƙasar da yake takawa: baƙin tawada, jan ƙasa, ruwan ƙasa, rawayan yumɓu, da fari mai dishi-dishi irin na allon da aka sha wankewa. Babban aikinsa na farkon shekarun 1960, wanda za a iya fassara sunansa da Sautukan Mafarkin Ƙuruciya da Suka Sake Haihuwa, bai yi shi a kan kyallen zane na Turai ba; a kan dammuriya ya yi shi, farin yadin auduga saƙar hannu da talakan Sudan ke ɗinka riga da shi. A 1964 ya zana Sautin Ƙarshe bayan rasuwar mahaifinsa, yana nufin addu'ar da ake karanta wa mai barin duniya, haruffa da siffofi suna watsuwa daga tsakiya kamar sauti a iska. A wannan shekara ya zana Masallaci, wanda yanzu yake gidan adana zanen zamani na birnin New York. Duk wanda ya taɓa zama gaban malam, in ya dubi ayyukan wannan lokaci, zai riƙa hango kafaɗun allo a jikin mutanen da ke cikinsu.

Ba shi kaɗai ba ne. Ahmad Shibrain, haifaffen Barbar a 1931, shi ma ya yi karatu a Landan ya dawo ya koyar a kwalejin, ya bi harafi ta wata hanya: baƙaƙen siffofi masu kauri da nauyi, waɗanda ido ke rantsuwa rubutu ne amma harshe ya kasa furta su. Su biyun da abokansu aka riƙa kira Makarantar Khartum. Ta ukunsu a shahara, Kamala Ibrahim Ishaƙ, wadda aka haifa a Umdurman a 1939, ba ta tsaya a khalwa ba, domin khalwa fagen maza ne. Ta shiga ɗakunan mata, ta zauna a tarukan zar, inda ake kaɗa ganga ana turare har iska ta hau mace ta faɗi buƙatarta. Daga can ta samo fuskokin mata masu murɗewa da ke cike da zanenta, a zaune a da'ira, wani lokaci kowace a kulle cikin akwatin gilashi. Mai nazarin Hausa zai so ya san cewa babban reshen wannan al'ada a Sudan sunansa zar bori, masana da dama kuma suna danganta kalmar ta biyu da borin Hausawa. Cikin iskokin da ke hawa a can har akwai waɗanda ake ce wa Fallata, masu zuwa da kamannin mutanen yamma.

Labarin ya iso Nijeriya da wuri. A 1961 Ulli Beier ya kawo ayyukan Salahi ƙungiyar Mbari ta Ibadan aka nuna su, a shekarar da aka kafa ta. A can ya iske samari masu irin damuwarsa. Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo sun kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, suna ɗalibai a kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma su ma sun ƙi yarda a ce sai abin da malaman Ingila suka kawo ne zane. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga uli, adon da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Yawancin 'yan ƙungiyar mutanen kudu ne, kowa kuma gidan uwarsa ya tuna. Abokin karatunsu Jimo Akolo ya zana makaɗa da mahayan dawakin Arewa. Amma allon zayyana, wanda ake yi a cikin birnin Zariya tafiyar ɗan lokaci kaɗan daga ajinsu, bai sami wanda ya yi masa abin da Salahi ya yi wa lauh ba. Dalili a fili yake: 'ya'yan da suka tashi da allo a hannu ba su ne ke shiga ajin zane a wancan zamani ba.

Gadon wa?

A shekarun 1970 sabon tashi ya taso wa Makarantar Khartum da suka. Hassan Musa da Abdullahi Bola, matasa a lokacin, sun yi rubuce-rubuce a jaridu suna cewa an mai da harafi da faifai tambarin da ake bugawa a zane don ya yi kama da na gida, Turawa masu saye su ji daɗi, hukuma kuma ta sami hoton ƙasa guda mai al'ada guda. Kamala da wasu ɗalibanta su ma suka ware, suka fitar da sanarwar wata sabuwar tafiya da suka danganta da ƙarau, wato abin da ido ke ratsawa ya ga fuskoki da yawa a lokaci guda, suna ƙin a ɗaure mai zane da igiyar gado. Sukar tana da gaskiya a cikinta. Ƙasar da ta ƙunshi Dinka da Nuba da Beja da Fur ba za ta taƙaitu a harafin Larabci ba, kuma masu kwaikwayo, waɗanda ba su sha wahalar neman da Salahi ya sha ba, sun mai da abin ado kawai. Duk da haka ba a yi wa Salahi adalci ba in aka haɗa shi da su, domin shi bai tsaya inda ya samu ba.

Akwai wani gefen maganar da masu sukar ba su cika taɓawa ba, wanda ya shafi ƙauyukan da aka fara ambata. A shekarun da allo da faifai ke shiga manyan zaurukan Khartum a matsayin alamar ƙasa, da yawa daga masu riƙe da su a Jazira da Shuɗin Nilu ba a lissafa su cikin 'yan ƙasar ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Wanda kakansa ya taso bayan Burmi, ko ya zo tsinkar auduga bayan an gina madatsa, ya makara da shekaru, ko da a bakin kogin aka yanke masa cibiya. An sassauta sharaɗin daga baya, amma kalmar Fallata ta daɗe tana ɗauke da raini, kuma leburorin gona da yawa sun ci gaba da zama a matsugunan gefen gonaki da ake kira kanabi, a kan ƙasar da ba tasu ba. Mai saƙa faifan da aka kwaikwaya da gwanin da ya ƙawata allon ba a rubuta sunayensu a ƙarƙashin kowane zane ba.

Kurkuku da itace

Wuri na gaba da Salahi ya samo abin zanawa ba shi ya zaɓe shi ba. A watan Satumba na 1975, yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, aka yi yunƙurin kifar da gwamnatin Ja'afar Numairi, aka kama shi bisa zargin hannu a ciki, aka tsare shi a kurkukun Kobar wata shida da 'yan kwanaki ba tare da shari'a ba. An hana fursunoni takarda da alƙalami, wanda aka kama da su kuwa sai ɗakin kaɗaici. Sai ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana, yana zane a kai da guntun fensir, in ya ji motsin gandiroba ya binne a cikin rairayi. Ko ɗaya daga cikinsu bai fita da shi ba. Abin da ya fita da shi dabara ce: a fara da ɗan ƙaramin abu a tsakiya, a ƙara masa wata takarda a gefe, a ƙara wata, zane ya yi ta yaɗo kamar kabewa, mai shi ma bai san inda zai tsaya ba. Da wannan dabara ya yi babban aikinsa na 1984 zuwa 1985, Abin da Ba Makawa, falle tara na baƙar tawada a kan farar takarda, jama'a sun ɗaga damatsa sun tasar wa azzalumi. Littafin zane da rubutu da ya cika bayan an sake shi a 1976, don ya amayar da ɗacin kurkuku, shi ma yanzu yana New York. Ya bar Sudan ya zauna a Ƙatar shekaru da yawa, sannan ya koma Oxford a Ingila a 1998.

A can, cikin sanyi da koren ciyawar wata ƙasa, sai wani itacen bakin Nilu ya dawo masa. Sudanawa suna kiransa haraz. Bahaushe ya san shi sarai, domin gawo ne. Halinsa ya saɓa wa na sauran itatuwa: da damina, lokacin da kowane tsiro ke ado, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya fari fat kamar ya mutu, da kaka ta wuce rani ya kama, komai ya bushe, sai ya yi kore shar. Manomi yana son sa saboda wannan hali, domin ba ya yi wa gero da dawa inuwa a lokacin da suke bukatar rana, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma abincin awaki da tumaki ne a tsakiyar rani. Mutanen Sudan suna cewa haraz ya yi faɗa da ruwan sama ne, shi ya sa ba sa ga-maciji, har suna buga misali da gabarsu. Sunansa ya zauna a taswirar ƙasashen biyu: akwai Abu Haraz kusa da Madani, garin shehunai mai ƙubbobi a bakin Shuɗin Nilu, kamar yadda Sakkwato take da unguwar Gawon Nama.

Salahi ya ɗauki shekaru yana zana wannan itace, yana cewa yana ganin halin mutanen ƙasarsa a cikinsa, da halin mai zane wanda ya tsaya shi kaɗai. Amma wanda ya je neman rassa da ƙaya a waɗannan ayyuka zai sha mamaki. Yawancinsu layi ne guda a miƙe daga ƙasa zuwa sama, sai layuka sirara masu yawa da aka ja da ma'auni suna gitta shi, cikin tawada mai launi, tsaf-tsaf kamar saƙa a kan masaƙa. Gangar itacen ta koma alif. Filin da ke kewaye da ita kuwa, da gidajensa da iyakokinsa, ya fi kama da sharafar da ya gani a khalwar mahaifinsa yana yaro fiye da duk abin da aka koya masa a Slade. Da tsufa ya kawo ciwon baya ya hana shi tsayuwa gaban babban kyalle, sai ya koma zane a zaune, a bayan kwalayen maganin da likita ke ba shi.

A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya shirya babban nunin ayyukan rayuwarsa, karo na farko da ya yi wa wani mai zane haifaffen Afirka irin wannan. Wanda ya tsara nunin, Salah Hassan, malamin Jami'ar Cornell ne a Amurka, ɗan Sudan, kuma littafin da ya fitar tun 1992 a kan Hausawan Arewacin Nijeriya yake: malamai da almajirai, da allo, da tawada, da zayyana. Mutumin da ya gabatar da Salahi ga masu kallon Landan ya riga ya zauna gaban gwanayen tsangayar ƙasar Hausa yana tambayar su yadda suke feƙe alƙalami.

Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa masu zanen birnin zuwa Alƙahira da Nairobi da Kampala, da yawa sun bar ayyukan shekaru a ɗakunan da ba su sami komawa ba, an kuma wawashe babban gidan tarihi na ƙasa. Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a watan Disamba na wannan shekara. Sinja ta bi baya a ƙarshen Yunin 2024, ana shiga damina, jama'arta da na ƙauyukan kewaye suka fantsama zuwa Gadarif da Damazin, wasu a ƙasa, cikin ruwa da taɓo. Sojojin gwamnati sun karɓe garin a watan Nuwamba, daidai lokacin da gawon bakin kogi ke fitar da sabon ganye.